Kwamin Ninkaya a Bayan Gida: A Bar Shi ko a Cike Shi da Ƙasa?

Assalamu alaikum masu kallo. Idan ka sayi gida a Sakkwato, ko ka gaji wanda ke da kwamin ninkaya a baya, ko kuwa kai ka gina naka yanzu ya fara yi maka nauyi, wannan bayani naka ne.

Mu fara da ruwa, don shi ne babbar magana a garin nan. Kwami mai tsawon mita 8, faɗin mita 4, zurfin mita ɗaya da rabi, yana cin lita 48,000 kafin ya cika. Cikawar ma sau ɗaya ce, abin da ke cinye aljihu shi ne ƙari. Daga Maris zuwa Mayu zafi kan haura digiri 40, iska kuma a bushe take. Duk ranar da ruwan ya sauka da santimita 1, lita 320 ke nan ta bi iska, kusan jarka 13 ta 'yan ga-ruwa. Mai rijiyar burtsatse mai ƙarfi zai iya jurewa. Wanda tanka ke kawo wa ruwa kuwa, ya zauna ya yi lissafin wata uku.

Kafin ka ɗora wa rana laifi, gwada ko kwamin yoyo yake. Cika bokiti da ruwa, ka ajiye shi a kan matakalar kwamin, ka yi alama a cikin bokitin, ka yi wata a jikin tayil daidai bakin ruwa. Gobe war haka ka dawo. In sun sauka daidai, rana ce. In na kwamin ya fi sauka, akwai tsaga ko bututu ya fashe a ƙasa, sai ka nemi farashin gyara tukuna.

Sai wuta. Injin tace ruwa yana buƙatar aiki awa 6 zuwa 8 kullum, ko an shiga ko ba a shiga ba. Kulorin kuma, wato sinadarin da ake zubawa don kashe ƙwayoyin cuta a ruwa, rana na cinye shi da sauri. Da hunturu, ƙura ta sauka ta toshe matata alhali sanyi ya hana kowa shiga. Injin ya tsaya na 'yan kwanaki, za ka ga ruwan ya yi kore, gansakuka ta kama bango, hannu na zamewa a kan tayil. Daga nan sauro ya samu gida, kuma cikin kimanin mako ɗaya zuwa biyu ƙwai ya zama sauro mai cizo. A garin da zazzaɓin cizon sauro ke kwantar da yara kowace damina, wannan cuta ce har ga maƙwabta.

Abin da ya fi damuna shi ne yara. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa mutum kusan 300,000 ke mutuwa ta hanyar nutsewa a ruwa a duniya a shekara, kuma 'yan ƙasa da shekara 5 na cikin waɗanda abin ya fi shafa. Yaro ba ya ihu in yana nutsewa. Gidajenmu kuma ba a rufe suke ba: ga jikoki, ga 'ya'yan maƙwabta, ga ranar suna ko biki da kowa hankalinsa na kan baƙi. Mai son barin kwaminsa dole ya kewaye shi ta ko'ina da shinge mai tsayin aƙalla mita 1.2, da ƙofa mai rufe kanta.

Kwami na da amfaninsa, ban musa ba. Mata da 'yan mata suna samun inda za su yi ninkaya cikin sutura, ba tare da idon kowa ba. Dattijo mai ciwon gwiwa yana motsa jiki a ruwa ba zafi. Yara suna koyon iyo a gaban iyayensu. In iyalinka na shiga duk mako, kana da ruwa, kana da sola, ka bar shi, ka saya masa murfi don rage tashin ruwa da ƙura.

In kuwa an shekara ba wanda ya tsoma ƙafa, a ganina a rabu da shi. Kada dai a zubar da ruwan a bar rami: rana za ta ɗaga tayil, damina ta tara ruwa, ga haɗarin faɗawa. Hanya mai sauƙin kuɗi ita ce a huda ƙasan da kyau don ruwan sama ya riƙa wucewa, a rushe saman bangon, a zuba ƙasa kaɗan-kaɗan ana daddaɓewa. Wurin zai yi lambu ko rumfa, amma mai niyyar ɗora ɗaki sai ya fasa simintin duka ya kwashe, injiniya ya duba.

Bayan bari da cikewa, akwai hanya ta uku, wadda na fi so wa Sakkwato. In kwamin ba ya yoyo, a zuba masa dekin mai rodi, a bar ƙofar shiga mai kwaɗo, ya koma ma'ajiyar ruwa ta ƙarƙashin ƙasa. A haɗa shi da indararo ya tara ruwan damina don wanki da ban ruwa. Sai dai a kira injiniya ya tabbatar bangon zai ɗauki nauyin dekin kafin birkila ya sa hannu.