Motar Ray Harroun mai madubi

Salamu alaikum jama'a, yau kam na iso Indianapolis, jihar Indiana a nan Amurka, ina cikin gidan tarihin filin tseren motoci. Bari in matso da kyamara ku gani da kyau. Kun ga motar nan ruwan ɗorawa mai lamba 32, bayanta da tsini kamar na zanzaro? Sunanta Marmon Wasp, da ita Ray Harroun ya ci tseren Indianapolis 500 na farko, wato tseren motoci na mil 500, ranar 30 ga Mayu 1911. Wallahi tun da na tsaya a gabanta na kasa matsawa.

Shi fa injiniya ne a kamfanin Marmon, da shi aka ƙera motar. A lokacin kowane direba da makaniki yake shiga, yana zaune a gefensa kamar yaron mota, yana waiwaye yana gaya masa wa ke tafe a baya, to shi Harroun kujera ɗaya tal motarsa gare ta, sai sauran direbobi suka fara ƙorafi wai zai jawo musu hatsari, shi ne ya kafa madubi a gabansa. Ga shi can sama da sitiyari, a kan ƙarafa huɗu, ku duba yadda yake ɗan siriri. Daga baya ma ya ce girgizar bulon da aka shimfiɗa a titin ba ta bar shi ya ga abin kirki a ciki ba.

Abin da ya fi burge ni shi ne lissafinsa. Motoci 40, zagaye 200, kowa na taka wuta tayoyi na fashewa, shi kuwa ya tsaya a kan gudun mil 75 a awa don kar bulo ya cinye masa taya. Taya huɗu kawai ya canja, Ralph Mulford da ya zo na biyu ya canja 14. Awa 6 da minti 42 ana abu ɗaya, kodayake wani direba Cyrus Patschke ya ɗan karɓe shi a tsakiya ya huta. Kuma ba wasa ba ne, ranar wani makaniki Sam Dickson ya rasa ransa.

Yana ci ya ce ya bar tsere, ya koma aikin injiniyancinsa, ya rasu 1968 a garin Anderson, nan kusa. Yanzu ku biyo ni waje in nuna muku ragowar bulon da aka bari a layin ƙarewa.