Wa Ya Ƙirga? Lacca kan Faya-fayen Spice Girls da Jadawalin Waƙoƙin Birtaniya

Assalamu alaikum. Shugaban taro, malamai, ɗalibai, barkanmu da yamma. Na baya kuna ji na? To, madalla.

An ce in yi magana kan waƙoƙin Turawa da yadda ake auna kasuwarsu. Sai na ce gara in ɗauki ƙungiya guda mu bi ta tun daga tushe, abin zai fi zama a kai. Na ɗauki Spice Girls, 'yan mata biyar na ƙasar Ingila. Ga wasu iyayenmu mata can suna murmushi, su sun san zancen. (dariya) Ku kuwa ɗalibai, lokacin da ake wannan yayi ba a haifi yawancinku ba. Abu huɗu zan taɓa: yadda aka haɗa su, faya-fayen da suka fitar, yadda ake ƙirga, sannan rabuwarsu.

Na farko. A shekarar 1994 wasu mutum biyu, uba da ɗa, Bob Herbert da Chris Herbert, suka sa talla a wata jaridar masu wasanni mai suna The Stage, ana neman 'yan mata masu iya waƙa da rawa. Aka tantance, aka tsame biyar, aka kama musu gida a garin Maidenhead, aka sa musu suna Touch. Ɗaya ba ta daɗe ba aka maye gurbinta da Emma Bunton. Sauran su ne Victoria Adams, Geri Halliwell, da Melanie guda biyu, Brown da Chisholm. Kun ga ke nan ba ƙawaye ba ne tun ƙuruciya, haɗa su aka yi kamar yadda ake haɗa ƙungiyar ƙwallo. Amma a farkon 1995 suka juya wa masu gidan baya, suka kwashe faifan asali na waƙoƙin da suka riga suka naɗa, suka yi gaba. Da ƙafarsu suka je suka sami wani manaja, Simon Fuller, shi kuma ya kai su kamfanin faya-fayen waƙa mai suna Virgin. Ku riƙe wannan taurin kai, zai dawo.

Ya ma dawo yanzu. (dariya) Da aka zo fitar da waƙar farko, manyan kamfanin wata waƙa daban suke so. 'Yan matan suka kafe, suka ce "Wannabe" ko a fasa. Waƙa ce da ba ta cika minti uku ba, da dariya ma take farawa, su biyar suka rubuta ta tare da Richard Stannard da Matt Rowe. Sunansu yana cikin marubuta, kuma wannan ba ƙaramin abu ba ne a ƙasar da marubucin waƙa yake da kasonsa duk lokacin da aka sa ta a rediyo. Ta fito a watan Yuli na 1996, ta shiga a lamba uku, mako na gaba ta hau lamba ɗaya, ta zauna a nan mako bakwai. Ta yi lamba ɗaya a ƙasashe 37.

To, me ake nufi da lamba ɗaya? Na san na ce wannan shi ne abu na uku, amma ku yi haƙuri in shigo da shi yanzu, don in ba a gane shi ba duk lambobin nan iska ce.

Jadawalin waƙoƙi, wanda mu 'yan rediyo muke ce wa cat, ba ra'ayin kowa ba ne. Ba wani alƙali ne ya zauna ya ce wannan ta fi daɗi ba. Ƙidaya ce. A Birtaniya abin ya fara a watan Nuwamba na 1952, lokacin da wani ma'aikacin mujallar New Musical Express, Percy Dickins, ya ɗauki tarho ya riƙa kiran kantunan sayar da faifai wajen ashirin, yana tambayarsu wane faifai ne ya fi tafiya a makon. Ya tara amsa, ya jera, ya buga. Mutum ɗaya da tarho. Daga nan abin ya girma. Kafin lokacin 'yan matan nan, na'urar kanti ce take aikin: ka ɗauki faifai, ka kai wa mai karɓar kuɗi, ya haska layukan nan baƙaƙe na bayan kwali, nan take an rubuta cewa an sayar da kwafi ɗaya. A lokacin, ana rufe lissafi daren Asabar. Ranar Lahadi da yamma gidan rediyon BBC Radio 1 ya karanto su, daga na arba'in yana hawowa har na ɗaya, yara na zaune gaban rediyo, yatsa a kan maɓallin naɗa.

Ku lura da kyau, a Birtaniya ta wancan lokaci ciniki kaɗai ake ƙirgawa. Ko an sa waƙarka sau dubu a rediyo, in ba wanda ya zaro kuɗi ya saya, ba ka shiga ba. A Amurka ba haka ba ne. Jadawalin Billboard, wanda ake kira Hot 100, tun 1958 yana haɗa ciniki da yawan sakawa a rediyo. Saboda haka lamba ɗaya a Landan da lamba ɗaya a Amurka ba mudu ɗaya aka auna su da shi ba. "Wannabe" ta ci duka biyun. A Amurka ta hau a watan Fabrairu na 1997, ta yi mako huɗu.

Tunda ciniki ne, su wa suka saya? Wannan ita ce tambayar da ta fi burge ni a duk zancen nan. Kafin su, lissafin da kamfanoni suka fi yi shi ne, yarinya 'yar shekara goma ko sha biyu samari mawaƙa take so, hotonsu take liƙawa a bango, saboda haka ƙungiyoyin samari ake ta haɗawa, irin su Take That. Sai ga shi yaran nan mata sun tara kuɗin alawarsu sun sayi faifan 'yan'uwansu mata. Wata mujalla, Top of the Pops, ta laƙaba wa kowacce suna: Scary, Sporty, Baby, Ginger, Posh. Wato mai ban tsoro, 'yar wasanni, 'yar auta, mai jan gashi, da 'yar gayu. Shi ke nan, kowace yarinya a filin makaranta ta sami wadda za ta ce ni ce wannan. Yara biyar in sun haɗu, ƙungiya ta cika. Kuɗin alawa, jama'a! Da kuɗin alawa aka yi wannan tarihin, kuma an san haka ne don akwai wanda ya zauna ya ƙirga.

Ni a lokacin ina gabatar da shirin kiɗan ƙasashen waje a wani gidan rediyo. Kaset ɗin da nake sawa, a kasuwa na saye shi wajen wani yaro mai rumfa. Yana da rikoda mai baki biyu, ya sa na asali a hagu, farin kaset a dama, ya danna. Hoton bangon ma kwafin kwafi ne, har fuskokin sun koma shuɗi. In zaren ya fito, da biro nake mayar da shi. Yaron nan ya sayar da kaset ɗin nan ba adadi, na gani da idona, 'yan makaranta suna layi. Ko ɗaya bai shiga lissafin kowa ba. Don haka in na ce muku albam ɗinsu na farko, mai suna Spice, wanda ya fito a Nuwamba 1996, ya sayar da kwafi miliyan 23 a duniya, ku sani wanda aka ƙirga ke nan. Har yau ba ƙungiyar mata da albam ɗinta ya kai wannan.

Ina muka tsaya? Na biyu, faya-faye. To, mu bi su da sauri. "Say You'll Be There", Oktoba 1996, lamba ɗaya. "2 Become 1", Disamba, lamba ɗaya. Maris 1997, faifai mai waƙa biyu, "Mama" da "Who Do You Think You Are", lamba ɗaya. Huɗu a jere tun daga ta farko, kuma kafin su ba wanda ya taɓa yin haka a Birtaniya. Albam na biyu, Spiceworld, Nuwamba 1997, shekara guda cur bayan na farko. Daga cikinsa "Spice Up Your Life" ta hau, "Too Much" ta hau. Shida a jere.

Sai dai dole in tsaya a kan Disamba, don akwai wata al'ada ta Ingilishi da ba za ku gane nauyinta ba sai an faɗa muku. Waƙar da ta zama lamba ɗaya a makon Kirsimeti, ita ce sarauniyar shekara. Makon da aka fi ciniki ke nan, kowa na sayen kyauta. Ku ɗauka kamar kasuwar jajiberin salla, wanda ya ci wannan makon ya ci shekara. Jaridu suna ta hasashe, har 'yan caca suna zuba kuɗi a kai. Beatles, fitacciyar ƙungiyar mawaƙan Ingila, sun ci shi sau uku a jere, 1963, 1964, 1965. Aka shekara talatin da ɗoriya ba wanda ya maimaita. 'Yan matan nan suka zo suka yi: "2 Become 1" a 1996, "Too Much" a 1997, "Goodbye" a 1998. Kuma ku duba dabarar, duka ukun waƙoƙi ne masu sanyi, a hankali, irin wadda uwa za ta saya wa 'yarta ba tare da ta ɗaure fuska ba. Masu zafi, na rawa, sai a sake su a wani lokaci na shekara. Ta 1997 ɗin ma wa ta ture daga sama? Teletubbies, 'yan tsanan nan na shirin yara a talabijin. (dariya) Ai na gaya muku, kasuwar yara ce, su ne masu zaɓe.

Sau ɗaya aka kayar da su a wannan tsakani. Maris 1998, waƙar "Stop" ta tsaya a lamba biyu. Abin da ya tare ta tsohuwar waƙar ƙungiyar Run-DMC ta Amurka ce, "It's Like That", wadda Jason Nevins ya sake wa kiɗa. Ni a wurina "Stop" tana cikin mafi kyawun abin da suka yi, da busa da tafinta irin na Motown, wato salon kiɗan baƙaƙen fatar Amurka na shekarun 1960. Amma mudu bai san kyau ba, yawa ya sani. A makon nan wasu sun fi su ciniki, magana ta ƙare.

Na uku... a'a, na uku mun yi shi. Rabuwa. Shugaba yana nuna mini agogo. Nuwamba 1997 suka sallami Simon Fuller, taurin kan nan dai. A watan ne kuma suka je Afirka ta Kudu suka gana da Nelson Mandela. Ƙarshen Mayu 1998, ana tsakiyar zagayen wasanni, Geri ta fice. "Viva Forever" ta fito bayan tafiyarta, da muryarta a ciki, ta hau lamba ɗaya. Saura huɗu suka yi albam na uku, Forever, a 2000, da furodusa ɗan Amurka Rodney Jerkins. "Holler" ta ba su lamba ɗaya ta tara, amma albam ɗin ya tsaya a na biyu, bayan na ƙungiyar samari Westlife. Yaran da suka saya a 1996 sun girma. Sun sake haɗuwa a 2007, sabuwar waƙarsu ta tsaya a lamba 11. Sun yi wasa a bikin rufe gasar Olamfik ta Landan a 2012. Albam uku kacal, lamba ɗaya tara. Akwai tambaya? Ga hannu can, 'yata, tashi.

(Wata ɗaliba ta tambaya: Baba, da a ce ana irin wannan ƙirga a nan, wace mawaƙiya tamu ce za ta yi lamba ɗaya?)

Allah Ya yi miki albarka, kin taɓo inda yake mini ƙaiƙayi. Ba wanda zai iya ba ki amsa da lamba, kuma abin da ke ci mini rai ke nan. Ki ɗauki marigayiya Barmani Choge ta Funtuwa, wadda ta rasu a 2013, Allah Ya jiƙanta. Ita ma ai ƙungiyar mata gare ta, 'yan amshi da masu kiɗan ƙwarya. Shekara nawa tana amada? Gidan biki nawa aka sa kaset ɗinta, daga Katsina har Maraɗi? Ki tambayi kowace uwa a ɗakin nan, za ta rera miki. Amma ki ce a kawo takarda mai nuna kwafi nawa aka sayar a wace shekara, ina za a samo ta? Mai rumfa ya kwafa, direba ya saya, wani ya ara ya sake kwafa. Daga baya ma sai turawa a waya, a biya mai caji ya zuba maka waƙa ɗari a memori.

Yanzu ƙofa ta ɗan buɗe, tunda sauraro ta intanet yana barin sawu. Birtaniya ta fara haɗa shi cikin lissafinta a 2014, a Najeriya kuma TurnTable sun fara fitar da jadawali a 2020. Sai dai wanda ya karɓi waƙa ta Bluetooth a bakin tasha har yau ba a ganinsa, kuma masu sauraron waƙar Hausa da yawa nan suke. Ku da kuke karatun aikin jarida, Percy Dickins kanti ashirin ya kira. Ke 'yata, rumfunan masu tura waƙa nawa ne tsakanin ƙofar makarantar nan da tasha? Ki ɗauki littafi ranar Asabar ki bi su, ki tambayi kowanne wace waƙa aka fi nema a makon, ki rubuta. Asabar ta sama ki koma. In kin haɗa mako huɗu ki kawo mini, ina son in gani.

Shugaba, na ji an kira salla. Sauran tambayoyin sai mun dawo.