Alli da Allo: Me ya sa amsar ba 50 ba ce?

Hadiza: Jama'a, assalamu alaikum, barkanmu da sake saduwa. Yau tambayoyin masu shirin WAEC muka ɗauko. Malam, ga ta farko: 3x + 7 = 22.

Malam Bala: Wannan ai kamar shan ruwa ce. Ɗebe 7 a kowane ɓangare, saura 3x = 15. Raba da 3, kin samu 5. Sikeli ne, abin da aka cire hagu sai a cire dama. Ko sunan aljabra ma, wato irin wannan lissafin neman x, daga littafin da masanin lissafi Alkawarizmi ya rubuta a Bagadaza wajen shekarar 820 ya samo asali.

Hadiza: To Yaya Auwal, taka ce wannan. Direba ya yi tafiyar kilomita 120 yana gudun 60 a awa, ya dawo yana gudun 40. Nawa ne matsakaicin gudunsa?

Auwal: Haba Hadiza, 50 mana. A haɗa, a raba biyu.

Malam Bala: Ka faɗa ramin! Awa nawa ya yi a zuwa?

Auwal: Biyu.

Malam Bala: Dawowa fa?

Auwal: Uku... Au! Ashe ya fi daɗewa yana jan jiki.

Malam Bala: Yauwa. Kilomita 240 cikin awa 5, ka ga 48 ke nan. Tunda 40 ta fi cin lokaci, ita za ta rinjayi amsar. Kuma idan tambayar zaɓi ce, 50 ɗin nan za ka ganta zaune tana jiranka.

Auwal: Ni kam da ta tafi da makina.

Hadiza: Amma Malam, allurar gudu da ke gaban direba ai ba 48 take nunawa ba.

Malam Bala: Madalla, kin kawo mu kalkulas, wato lissafin yadda abu ke canzawa. Ita gudun wannan ƙiftawar idon take nunawa. A ce mota ta tashi, nisanta a mita 5t² ne, t kuwa daƙiƙa. Sauko da 2 ɗin da ke sama ki ninka da 5, ki rage masa ɗaya, ya zama 10t, shi ne gudunta. A daƙiƙa ta 3 gudunta mita 30 ne a daƙiƙa, alhali matsakaicinsa daga tashi, mita 45 ɗin da ta yi raba daƙiƙa 3 ne, wato 15.

Auwal: Malam, Allah ya gafarta, a maimaita wajen saukowar nan. Ban gama rubutawa ba.