Amsoshin Tambayoyinku: Kogon Haƙori da Haƙorin Hankali

Mai gabatarwa: Masu sauraronmu, assalamu alaikum, barkanmu da sake haɗuwa a filin amsoshin tambayoyinku. Da muka zauna tantance wasiƙun wannan makon, sai muka ga na ciwon haƙori sun yi tsibi guda, don haka muka ware su, muka gayyato likitar haƙori ta zo ta taya mu. Likita, barka da zuwa.

Likita: Barka kadai, Malam.

Mai gabatarwa: Ga ta farko, daga wani bawan Allah mai shekara 34. Ya ce: "Turmina na ƙasa ta hagu ya yi kogo tun bara. Ya hana ni barci kusan mako uku, har sai in tashi cikin dare in dafe kunci ina zagaye ɗaki. Wani abokina ya ce tsutsa ce, in daka asfirin in cusa a ramin. Na yi, bayan 'yan kwanaki ciwon ya ɗauke ɗif. Yau wata biyu ke nan ba na jin komai, sai dai wani ɗan ƙurji da ke fitowa a dasashi, ya fashe, ya sake dawowa. Shin tsutsar ce ta mutu na warke?"

Likita: Sannu ɗan'uwa, Allah ya ƙara sauƙi. Amma ka yi haƙuri da abin da zan faɗa, tsugune ba ta ƙare ba. Jijiyar haƙorinka ce ta mutu, shi ya sa ka daina jin ciwo.

Haƙori hawa uku ne. Akwai farin ɓawon nan na waje, wanda babu abin da ya kai shi tauri a jikin ɗan'adam, ko ƙashi bai kai shi ba. Shi ba shi da jijiya, don haka ruɓa za ta yi wata da watanni tana cin sa mutum bai sani ba. A ƙarƙashinsa akwai hawa na biyu, mai ɗan ruwan ɗorawa, wanda bai kai na farko tauri ba, kuma cike yake da wasu siraran hanyoyi da ke zarcewa ciki. In rami ya iso nan, shi ne za ka kurɓi ruwan sanyi ka ji wani abu ya tsarga maka har ƙwaƙwalwa, sannan ya wuce. A daidai wannan matakin, ciko kawai za a yi maka ka tafi gida. Can tsakiya kuma jijiya ce da jijiyoyin jini. Su in suka kumbura ba su da wurin buɗawa, bango ne mai tauri ta kowane gefe, shi ne zogin nan da ke bugawa kamar ganga, wanda ya fi tsananta in an kwanta. Mako ukun da ka yi kana zagaye ɗaki, lokacin ne jijiyar take mutuwa.

Ƙwayoyin cutar da suka ruɓar da haƙorin kuwa suna nan da ransu. Sun bi ta saiwar haƙorin sun sauka cikin ƙashin muƙamuƙi, sun tara mugunya, mugunyar ta huda wa kanta hanya ta dasashi. Ƙurjin da kake gani ke nan. Muddin yana fashewa yana zubarwa ba za ka ji zafi ba. Ranar da hanyar ta toshe, ranar za ka wayi gari fuska ta kumbura.

Mai gabatarwa: To, Likita, ita tsutsar fa? Don ba shi kaɗai ya rubuto da wannan zancen ba.

Likita: Ai zancen tsutsar haƙori ya girmi kakannin kakanninmu. An same shi rubuce a allunan yumɓu na mutanen da suka zauna a ƙasar da ake kira Iraƙi a yau, dubban shekaru da suka wuce, kuma Turawa ma sun daɗe suna gaskata shi. Wani likita Bafaranshe, Pierre Fauchard, ya yi watsi da shi a littafin da ya fitar a 1728. Sai a 1890 wani Ba'amurke mai suna Miller, da ke aiki a Jamus, ya fito da bayanin da muke kai har yau: ƙwayoyin cuta da ke zaune a dauɗar nan mai yauƙi ta jikin haƙori su ne ke cin sukarin da muka ci, su fitar da asid, asid ɗin ya riƙa narkar da ɓawon haƙori kaɗan-kaɗan. Na leƙa bakuna ba adadi, ban taɓa cin karo da tsutsa ba.

Shi kuma asfirin, a haɗiye shi aka yi shi. In ka ɗora shi a dasashi ƙona wurin yake, ka ga fata ta yi fari ta saɓule.

Abin yi yanzu biyu ne, kuma sai an ɗauki hoton haƙorin za a san wanne. In jikinsa da saura, sai a huda shi, a kwashe matacciyar jijiyar, a wanke hanyoyin saiwar tas, a cike su, wani lokaci a sa masa hula don kada ya tsage. In ya riga ya ruguje, sai cirewa. Kafson kashe ƙwayoyin cuta kaɗai ba zai yi ba. Zai kwantar da kumburi na ɗan lokaci, amma jini ba ya shiga mataccen haƙori balle magani ya isa wurin, an kashe maciji ne ba a sare kansa ba. Kuma don Allah kowa ya riƙe wannan: in kumburi ya gangaro ƙarƙashin haɓa ko ya haura wajen ido, ko ga zazzaɓi, ko haɗiyar yawu ta fara wuya, ko numfashi, a nufi asibiti a lokacin, ko tsakar dare ne. Irin wannan kumburin yana iya toshe maƙogwaro.

Mai gabatarwa: Allah ya kiyaye. Sai wata baiwar Allah, uwa ce. Ta ce ɗanta shekararsa 7, ta hango baƙin rami a haƙorinsa na can ƙarshe, amma ba ya kuka da shi. Ta ce, tunda yana famfara, ba sai ta bar shi ya faɗi da kansa wani ya fito ba?

Likita: Maman yaro, ki zaunar da shi a wuri mai haske ki ƙirga. Haƙoran nono 20 ne, goma sama goma ƙasa, wato biyar a kowane ɓangare in kin faro daga tsakiya. In wanda kike magana a kai shi ne na shida, to ba na nono ba ne. Turmin dindindin ne na farko, yana fitowa wajen shekara 6 a bayan na nonon, ba tare da wani ya faɗi ya ba shi wuri ba. Shi ya sa iyaye da yawa ba sa lura da zuwansa. Wannan in ya tafi ya tafi ke nan. Ko da na nonon ne ma, turamen nono sai wajen shekara 10 zuwa 12 suke faɗuwa, kin ga da sauran tafiya, ga shi su ke riƙe wa na ƙasansu gurbi.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a rahotonta na 2022 yara fiye da miliyan 500 ne ke da ruɓa a haƙoran nono, manya kuma kimanin biliyan 2 a na dindindin. Abin da nake so iyaye su gane shi ne yawan lokutan da zaƙi ke shiga baki ya fi yawan zaƙin kansa ɓarna. Duk sa'ad da yaro ya sa alawa a baki, asid na aiki a haƙoransa na kusan rabin awa zuwa awa guda kafin yawu ya wanke shi ya fara gyara. Yaron da ya cinye alawa biyar a zama ɗaya bayan abinci, sau ɗaya aka kai masa hari. Wanda ya tsotsi ɗaya yanzu, ɗaya an jima, ya bi da lemon kwalba yana kurɓa har yamma, haƙoransa ba su huta ba duk wuni.

A goge masa baki sau biyu a rana, minti biyu, da man goge baki mai sinadarin fulorayid, na daren kuma shi ne wanda ba a wasa da shi, don yawu raguwa yake in an yi barci. In ya gama ya tofar kawai, kada ya kurkure da ruwa, a bar man ya zauna. Ɗan shekara 7 kuma hannunsa bai gama ƙwarewa ba, ki riƙa bin bayansa.

Mai gabatarwa: Wannan ta gaba, Likita, ta taɓo ni. Ɗaliba ce mai shekara 22. Ta ce can ƙuryar bakinta ta ƙasa wani haƙori ya leƙo rabi ya tsaya, nama ya rufe sauran. Sau uku ke nan wurin na kumbura, baki ya ƙi buɗuwa sosai, ga wari. An ce mata a cire, amma tana tsoro, don ta ji an ce cire haƙori na taɓa ido.

Likita: Ƙanwata, haƙorin hankali ke nan, turmi na uku. Guda huɗu ne, su ke cike 32, kuma galibi tsakanin shekara 17 zuwa 25 suke fitowa. Da yake su ne 'yan auta, sau da yawa sukan tarar an cinye wuri. Wani ya fito a karkace, wani ya kwanta ya tokari maƙwabcinsa, wani ya leƙo ya maƙale irin naki. Naman da ya lulluɓe shi ya zama kamar aljihu, abinci na shiga, buroshi ba ya kaiwa. In ya kumbura kuma na sama ya riƙa cizonsa, ya ƙara kumbura.

Ni ba na cikin masu cewa duk haƙorin hankali a cire. Wanda ya fito daidai, ana iya goge shi, ba ya cutar da kowa, a ƙyale shi. A Ingila ma tun shekarar 2000 aka ba likitoci shawarar su daina cire wanda ba shi da wata matsala don tsoron abin da ka iya zuwa. Amma naki ya tashi sau uku, ya cika sharaɗi. Akwai kuma abin da hoto kaɗai ke nunawa: irin wannan haƙorin yakan sa turmin da ke gabansa ya ruɓe ta baya a ɓoye, mutum ya zo cire ɗaya a tarar biyu ne.

Zancen ido kuwa ki cire shi daga ranki, jijiyar gani ba ta haɗa hanya da haƙori ba. Jijiyar da muke kaffa-kaffa da ita wata ce daban, tana ratsa cikin muƙamuƙin ƙasa, ita ke ba leɓen ƙasa da haɓa ji. Wani lokaci saiwar haƙorin na kusa da ita, in an taɓa ta sai leɓe ya yi nauyi kamar ba naki ba. Yawanci yakan dawo cikin makonni ko watanni, nadiran ne yake zama. Ki tambayi likitanki abin da hoton ya nuna a kan wannan, haƙƙinki ne. Malam, na ga kana murmushi.

Mai gabatarwa: Ai dole, Likita. Nawa aka cire shekarun baya, kuma cirewar ba ta dame ni ba. An yi allura, na ji ana turawa ana jijjigawa, na ji wani ƙas, shi ke nan. Aka sa min auduga aka ce in cije, kada in kurkure baki sai gobe. Ni kuwa ɗanɗanon jinin nan ya ishe ni. Ina isa gida na tofar da audugar, na ɗebi ruwa na kurkure da ƙarfi, na sake, ga harshe ya ƙi barin wurin. Kwana biyu lafiya lau, har ina cika baki. A rana ta uku wani zogi ya taso daga ramin ya harba har cikin kunne, farasitamol ya zama kamar ruwa nake sha. Na haska da fitilar waya a madubi, na ga rami fayau, wani abu fari-fari a ƙasansa. Na koma ina sunkuyar da kai.

Likita: Ƙashi ka hango, Malam. Gudan jinin da ke taruwa a ramin shi ne murfinsa, a ƙarƙashinsa nama ke tohowa. Ka wanke shi, ka bar ƙashi a fili. Me aka yi maka?

Mai gabatarwa: An wanke wurin, aka cusa wani abu mai ƙamshin kanumfari. Kafin in kai bakin ƙofa na ji duniya ta dawo.

Likita: To ƙanwata kin ji. Awa 24 na farko ba kurkura, ba yawan tofi, ba zuƙar abin sha da tsinke, ba abu mai zafi. Masu shan taba su suka fi faɗawa wannan ramin, su haƙura na wasu kwanaki. Daga washegari sai ruwan ɗumi da ɗan gishiri, a hankali, a karkata kai ya zuba da kansa. Kumburin kunci yakan kai ƙarshensa a rana ta biyu ko ta uku sannan ya fara saɓewa, wannan ba abin tsoro ba ne.

Mai gabatarwa: Lokaci na hararar mu. Wata mai juna biyu ta ce dasashinta na jini in ta goge baki, an kuma ce mata ba a taɓa haƙorin mai ciki.

Likita: Ana taɓawa. Ana wankewa, ana ciko, ana cirewa in ta kama, ta dai gaya wa likita watannin cikin don ya san maganin da zai rubuta. Jinin dasashin sauyin jiki ne ke ƙara shi, kada ta daina gogewa saboda shi, dainawar ce ke ƙara ta'azzara shi. In laulayi na sa ta amai, ta kurkure da ruwa ta ɗan jira kafin ta sa buroshi.

Mai gabatarwa: Ta ƙarshe, daga wani dattijo. Ya ce shekararsa 58, ya ƙirga haƙoransa 28 cif, ba a taɓa cire masa ko ɗaya ba, kuma haƙorin hankali bai taɓa fito masa ba. Ya ce maiɗakinsa ta ce dama ta daɗe tana zargin haka.

Likita: Baba, a gaishe da Hajiya, amma a wannan karon ba ta yi nasara ba. Akwai mutane da dama da ba a halitta musu shi ba sam, wasu ɗaya ko biyu kawai suke da su, wasu kuma yana nan kwance cikin ƙashi bai taɓa motsi ba. Tunda ba ya damun ka, ba abin da za a yi masa. In wata rana wani dalili ya sa an ɗauki hoton bakinka, sai ka roƙi likita ya duba maka, ka kai wa Hajiya hoton.

Mai gabatarwa: Mun gode, Likita. Akwai sauran wasiƙu a kan warin baki da haƙoran roba, su sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu. A huta lafiya.