Radiyos ɗin Da'irar da Ta Kewaye Alwatika Mai Gefe Biyu Daidai

Assalamu alaikum ɗalibai, barkanmu da warhaka. Ku ɗauko takarda da fensir, mu yi tare.

Ga alwatika a kan allo. Gefunanta biyu tsawonsu ɗaya, kowanne santimita 13, gindinta kuwa santimita 10. Muna son da'irar da za ta bi ta kan kusurwoyinta uku. Nawa ne radiyos ɗinta, wato nisan da ke tsakanin cibiyar da'irar da bakinta? Mu kira shi R.

Kafin mu taɓa lissafi, ina cibiyar take? Dole nisanta da kusurwoyin ƙasa biyu ya zama ɗaya, don haka tana kan layin da ya tsaya cak a tsakiyar gindi. A irin wannan alwatika, layin nan shi ne wanda ya sauko daga ƙololuwa ya raba gindi biyu, 5 nan, 5 can. Ku riƙe wannan da kyau, don duk aikin a kansa ya rataya.

Tsayin layin fa? Layin ya fitar da alwatika mai kusurwar digiri 90, wadda dogon gefenta 13 ne, gindinta 5. Ƙa'idar Fitagoras za ta ba mu tsayin: a irin wannan alwatika, dogon gefe sau kansa daidai yake da sauran gefuna biyun, kowanne sau kansa, idan aka haɗa su. 13 sau 13, 169. 5 sau 5, 25. A cire, saura 144. Tsayi 12 ke nan, domin 12 sau 12 shi ne 144.

Yanzu ku sa ɗigo a kan layin, shi ne cibiya. Daga ɗigon zuwa ƙololuwa, R ne. Abin da ya rage zuwa gindi, 12 a cire R. Ku ja layi daga ɗigon zuwa kusurwar ƙasa, shi ma R ne. Kun ga wata ƙaramar alwatika mai kusurwar digiri 90 ta fito? Mu sake kiran Fitagoras:

R² = (12 − R)² + 5²

Idan muka buɗe bakan lissafin, (12 − R)² zai zama 144 − 24R + R², sai R² na hagu da na dama za su kashe juna, a bar mu da 24R = 169. R ya zama 169 a raba da 24, kimanin santimita 7.04.

Nan ne wurin da ya fi burge ni. Ku dubi 169 ɗin nan: ai gefe ne sau kansa. 24 kuwa ninkin tsayi ne. Ashe R shi ne gefe sau gefe, a raba da ninkin tsayi. Na fi son ku iya fito da ita da hannunku a kan ku haddace ta, domin hadda takan gudu a ɗakin jarrabawa.

Idan alwatikar ta baje fa, kamar 5, 5 da gindi 8? Tsayinta 3 ne, R kuwa 25 a raba da 6, kimanin 4.17. R ya fi tsayi, ma'ana cibiyar ta fita waje, tana ƙasan gindi. Kada ku tsorata, lissafinku daidai ne. Haka take faruwa duk lokacin da kusurwar sama ta wuce digiri 90.

Ga naku: gefuna 10 da 10, gindi 12. Ku tsayar da bidiyon, ku fara da neman tsayi.