Daga Kurmi Zuwa Sabon Gari: Yadda Littafi Ke Miƙa Ka Ga Wani Littafin

Assalamu alaikum jama'a, barkanmu da warhaka.

Maganar wata ƙanwata ce ta sa na haɗa wannan bidiyon. Ta gama sakandare, tana zaman jiran sakamako, sai ran nan ta ce da ni, "Yaya, na ƙoshi da littattafan soyayya, amma ban san me zan karanta ba kuma." Yarinyar nan ta yi karatu ba kaɗan ba, na waya da na takarda, sai dai duk daga rumfa ɗaya take saye. Kuma ba ita kaɗai ba ce. Ɗalibin zaure bai san abin da ke shagon ƙagaggun labarai ba, ɗan jami'a kuma bai wuce abin da zai fito a jarrabawa ba. Dalili shi ne littattafan Kano a warwatse suke, kowane iri da unguwarsa, sai ka taka da ƙafarka. To ku biyo ni mu taka.

Nan Kasuwar Kurmi ce. Tun zamanin Sarki Muhammadu Rumfa take, wanda ya yi sarauta daga 1463 zuwa 1499. A zamaninsa ne Shehu Magili ya sauka a Kano, har ya rubuta wa sarkin littafi kan yadda ake riƙe jama'a. Wato garin nan ya fi shekara 500 yana hulɗa da littafi. Ku dubi rumfar nan da kyau. Ga Ahalari, ga Ishmawi, ga Iziyya da Risala an jera su bisa juna, takardarsu ruwan ɗorawa. Ga gafaka a rataye, ga kwalaben tawada da alƙaluman kara a gefe. Ku lura da gefen shafin, an bar masa fili da gangan, saboda a nan ɗalibi ke rubuta fassarar da malam ya ba shi, sau da yawa da ajami.

Na daɗe a nan ne saboda mai son koyon harshe, kowane harshe ne, yana da abin ɗauka a wajen mutanen zaure. Ku duba yadda ake karanta Ajuruma, ɗan ƙaramin littafin nahawun Larabci. Malam ya ja jimla, ya fassara, ɗalibi ya maimaita da bakinsa, ya rubuta da hannunsa, gobe ya dawo ya biya kafin a ƙara masa. Baki da hannu da kunne duk suna aiki. Littafin koyon harshe ba a karanta shi a kwance kamar labari. In za ka saya, ko na Turanci ne, ko na Faransancin da 'yan kasuwarmu ke buƙata a Maraɗi da Damagaram da Kwatano, buɗe shi tun a gaban mai shago. Akwai aikin gwaji a ƙarshen kowane darasi? Akwai amsoshi a baya? Jimlolin irin waɗanda mutum zai faɗa a kasuwa ne ko a asibiti? Ƙananan littattafan nan da ke alƙawarin za ka iya harshe cikin 'yan kwanaki, ba na raina su, za su koya maka gaisuwa da ciniki. Amma iyakarsu ke nan. Ka haɗa da ƙamus, ka haɗa da ɗan littafin labari mai sauƙi a harshen, ka kuma sami wanda za ka riƙa biya wa.

Har Hausar ma tana son ƙamus. Bargery ya fitar da nasa na Hausa da Turanci a 1934, Jami'ar Bayero kuma ta fitar da Ƙamusun Hausa a 2006, wanda ke bayanin Hausa da Hausa. Buɗe kowane shafi, za ka ci karo da kalmar da rabonka da jin ta tun kakarka na da rai.

Yanzu mu hau adaidaita sahu mu nufi Sabon Gari, wajen bakin Bata. Duniyar nan daban ce. Ga littattafan makaranta, ga na gwanjo an baza a ƙasa kan buhu, ga kuma littattafan Hausa masu bango mai launi.

Ƙagaggen labari a rubutun boko yana da mafari sananne. A 1933 Hukumar Fassara da ke Zariya, ƙarƙashin Rupert East, ta shirya gasa, daga cikinta aka sami Ruwan Bagaja na Abubakar Imam, da Ganɗoki na Bello Kagara, da Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa. Shekara 50 bayan nan sai abin ya sake salo, kuma a Kano ya fi bunƙasa. Matasa, da dama daga cikinsu mata, suka daina jiran kamfanin ɗab'i. Su rubuta, su kai maɗaba'a da kuɗinsu, su kawo kasuwa. Masana suka raɗa masa suna Adabin Kasuwar Kano.

Ni a shagon haya na san waɗannan littattafai. Yayata ce ke aike na. Littafi siriri, an ɗinke shi da ƙusar takarda guda biyu, an naɗe bangon da leda don kada ya yage, kusurwoyin shafukan sun yi laushi saboda yawan hannu. Mai shago ya rubuta sunanka a wani dogon littafi, ka biya kuɗin kwana ɗaya. Labari na kaiwa inda zuciya ke bugawa sai ka ga an rubuta a nemi littafi na biyu. Ka koma shago a ce wata ta ɗauka ba ta dawo da shi ba. Har yau akwai labarin da ban san ƙarshensa ba, kuma abin yana raina.

Masu cewa littattafan nan shirme ne, ina ganin ba su karanta ba. Akwai na banza a ciki, kamar kowace kasuwa. Amma a nan ne aka fito fili aka yi maganar auren dole, da sakin wulaƙanci, da zaman kishiyoyi, da yarinyar da aka cire daga makaranta, kuma da bakin matan da abin ya shafa. A 2012 wani kamfani a Indiya ya buga fassarar Turanci ta Alhaki Kuykuyo Ne na Hajiya Balaraba Ramat Yakubu. A 2016 kuma Sashen Hausa na BBC ya fara gudanar da gasar Hikayata ta mata marubuta. Yau yawancin sabon rubutu ya koma waya, ana bin sa shafi-shafi a WhatsApp, wasu kuma a YouTube suke sauraro suna aikin gida.

To ga abin da na faɗa wa ƙanwata, kuma shi ne ƙashin bayan wannan bidiyon. Ba sai kin bar abin da kike so ba. Ki tambayi littafin da ke hannunki, shi zai nuna miki na gaba. Wa ya rubuta shi? A wane zamani? Me ya same shi a rayuwa?

Ɗauki Hajiya Balaraba. Ita kanta an cire ta daga makaranta tana ƙarama aka yi mata aure, don haka abin da take rubutawa ba jin sa ta yi a bakin wani ba. Ƙanwa ce kuma ga Janar Murtala Muhammad, shugaban ƙasar da aka kashe ranar 13 ga Fabrairun 1976. Kin ga daga labarin gidan aure kin faɗa tarihin Najeriya. Babban ɗakin karatu na jihar Kano ma sunansa aka sa masa, can za ki nemi tarihin nasa.

Haka Malam Aminu Kano. Kowa ya san shi da NEPU da PRP, amma kaɗan ne suka san marubuci ne. Ya rubuta labarin tafiyarsa Turai, ya kuma rubuta tarihin rayuwar amininsa Malam Sa'adu Zungur. In ka karanta wannan, dole ka nemi waƙoƙin Sa'adu, daga nan kuma ka shiga rubutacciyar waƙa gaba ɗaya. Gidan Malam da ke Gwammaja, wato Mambayya, yanzu cibiyar nazari ce ta Jami'ar Bayero.

Sai dai tarihin rayuwa yana son taka-tsantsan. Da yawa ana rubuta su ne don ranar ƙaddamarwa, a tara manya a yi gwanjon kwafi. Irin wannan daga shafin farko zuwa na ƙarshe kirari ne: mutum bai taɓa kuskure ba, bai taɓa faɗuwa ba, ba shi da abokin hamayya mai hujja. Ni kafin in saya, tsakiyar littafin nake buɗewa in nemi wurin da abubuwa suka ɓaci wa mutumin. In na samu, na san marubucin ya yi aiki. Sannan in duba ko ya faɗi wajen wa ya ji labarin. In da hali, ka karanta biyu a kan mutum ɗaya, na masoyi da na wanda ya yi adawa da shi.

Kada kuma ka raina mai shago, musamman dattawan cikinsu. Kar ka ce masa "Baba, wane littafi ne mai daɗi?", zai miƙo maka wanda ya fi tafiya ne kawai. Ka ce, "Baba, na karanta kaza na ji daɗinsa, me ya yi kama da shi amma ba irinsa ba?" Sai ka ga ya miƙe ya shiga can ƙuryar shago, ya fito yana kaɗe ƙura.

Haka muka yi da ƙanwata. Dattijon ya ba ta Shaihu Umar, labarin yaron da aka sace zamanin cinikin bayi aka ƙetara Sahara da shi, uwarsa ta bi sawu tana nema. Bayan kwana biyu ta kira ni, muryarta a dashe, ta ce uwar ce ta sa ta kuka. Sannan ta ce, "Yaya, wai da gaske wanda ya rubuta wannan shi ne na jikin naira biyar?" Na ce shi ne, firaministan Najeriya na farko, yana malamin makaranta ya rubuta shi. Ta yi shiru, can ta ce in nemo mata tarihinsa. Ranar Asabar za mu koma Sabon Gari tare.