Toyota Supra Mai Turbo Biyu: Yadda Ake Tuƙa Ta da Yadda Ake Riƙe Ta

Assalamu alaikum masu kallo, barkanku da wannan lokaci.

Motar da ke gabanku ƙofa biyu gare ta, ga dogon bonet, ga wani ƙaton fiffike a bayanta. Sunanta Toyota Supra, zubi na huɗu, wadda kamfanin ya yi wa lamba A80. An fara sayar da ita a 1993. A Amurka an daina kai ta bayan 1998, a Japan kuma an ci gaba da ƙera ta har zuwa 2002. Ke nan ko autarsu ta haura shekara 20 a duniya, na farkon kuwa sun wuce 30.

A wajenmu idan aka ce Toyota, hankalin mai saye ya kwanta. Mun ga Corolla da Hilux da Hiace suna shan wahalar da babu motar da ya kamata ta sha, kuma gari ya waye su tashi. Duk wanda ya sayi Supra mai turbo da wannan tunani, zai yi kuka da aljihunsa. Injin da ke cikinta yana da ƙarko na gaske, wannan ba a musu. Amma abin da ya kewaye injin roba ne da waya da baƙin mai, kuma zafi ya daɗe yana cin su. Riƙe irin wannan mota ya dogara ne ga fahimtar wannan zafi.

Bari mu fara da turbo ɗin kansa. Inji yana samun ƙarfi ne daga ƙona fetur, fetur kuwa ba ya ci sai da iska. Injin da ba shi da turbo yana zuƙar iska gwargwadon abin da fistin ya iya jawowa. Turbo yana yi wa inji abin da zugazugi ke yi wa wutar maƙeri, yana cusa masa iska fiye da wadda zai iya shaƙa da kansa. Abin burgewar shi ne inda yake samun ƙarfin yin hakan. Hayaƙin da inji ke fitarwa, wanda da salansa zai bi ya tafi a banza, shi ake bi da shi ta kan wata 'yar farfela. Farfelar tana haɗe da wata ta biyu a kan sanda ɗaya. Hayaƙi ya juya ta farko, ta biyu ta matsa sabuwar iska zuwa cikin inji. Sandar nan tana juyawa sama da sau 100,000 a minti guda, kuma babu abin da ya raba ta da ƙarfen da ke riƙe da ita sai siririn shafi na baƙin mai. Ɓangaren hayaƙin kan yi zafin da, idan aka yi dogon gudu da dare, ana iya ganin ƙarfen ya yi ja.

Iska idan aka matse ta tana ɗaukar zafi, iska mai zafi kuma ba ta da kauri. Shi ya sa kafin ta shiga inji take bi ta wani ƙaramin lagireto na iska, wanda a Supra aka ɓoye shi a gefe, bayan bamba ta gaba.

Injin kansa sunansa 2JZ-GTE. Silinda shida a jere, lita 3, gangar jikinsa ta baƙin ƙarfe ce mai kauri, kansa na alminiyam. An fara sa shi a Toyota Aristo a 1991, kafin ya zo Supra. Ɗan'uwansa marar turbo, 2JZ-GE, shi ne a cikin tsofaffin Lexus GS300 da IS300, don haka akwai makanikai a garuruwanmu da suka san fasalinsa. A takarda, Supra ta kasuwar Japan tana da ƙarfin doki 280. Wannan adadi ba iyakar injin ba ne. Kamfanonin motoci na Japan ne suka yi yarjejeniya a tsakaninsu, tun daga 1989 har zuwa 2004, cewa babu wanda zai tallata mota da fiye da haka a cikin gida. Wadda aka kai Amurka an rubuta mata 320.

Yanzu mu zo kan abin da ya bambanta tuƙinta da na sauran motoci. Matsalar turbo a wancan zamani ita ce jinkiri. Babban turbo yana ba da ƙarfi sosai, amma sai hayaƙi ya taru kafin ya motsa, sai ka taka totur ka jira. Ƙaramin turbo yana amsawa nan take, amma numfashinsa na ƙarewa a sama. Injiniyoyin Toyota sai suka sa turbo biyu masu girma ɗaya, suka tsara su shiga aiki bi da bi. Idan inji na juyawa a hankali, duk hayaƙin yana bi ta turbo na farko shi kaɗai, sai ya fara turawa tun kusan juyi 1,800 a minti. Da an kai wajen 3,500, sai wata ƙofa ta ɗan buɗe, hayaƙi ya fara ɗumama na biyu yana juya shi. A wajen 4,000 sai a sake shi gaba ɗaya, su biyun su haɗu.

A kujerar direba ga yadda abin yake. Cikin gari motar tana da ladabi, sitiyarinta da nauyi daidai, injin ba ya kakkarwa, domin silinda shida a jere tsari ne da yake daidaita kansa. Allon gaba an lanƙwaso shi ya kewaye direba, komai yana kusa da hannu. Ka samu buɗaɗɗiyar hanya, ka sa giya ta uku, ka taka. Za ka ji turi na farko, mai ƙarfi amma ba mai firgitarwa ba. Allurar juyin inji na haura 4,000 sai wani sabon turi ya manna bayanka da kujera, sautin ya canza, shuuu na iska ya cika kunne. Wannan turi na biyu shi ne abin da masu Supra ke so a jikinta, kuma ni ma a ganina babu motar zamani da ke ba da irinsa, domin na yanzu an goge musu wannan tsalle. Amma shi ne kuma wurin haɗari. Tayoyin baya ne ke tura motar. Idan turi na biyu ya same ka a tsakiyar kwana, ko bayan ruwan farko na damina lokacin da kwalta ke santsi, ko inda iska ta watso yashi a kan titi, bayan motar zai nemi ya wuce gabanta. Na'urar hana zamewa ta 1993 ba ta kai ta yau wayo ba. Tsofaffin tayoyi a kan irin wannan mota ganganci ne da rai, naka da na mutanen da ke kan hanya.

Giyar hannu mai hawa shida kamfanin Getrag na Jamus ne ya yi ta tare da Toyota, kuma tana cikin abin da ya sa masu giyar hannu suka fi tsada nesa ba kusa ba. Akwai kuma mai giyar otomatik mai hawa huɗu. Kujerun baya kuwa na suna ne, babba ba zai zauna ba.

To, riƙo. Na farko baƙin mai, kuma a nan ba a ciniki. Tunda sandar turbo a kan mai take shawagi, man da ya tsufa ko na jabu yana kashe ta kafin ya taɓa sauran injin. A yi juye da wuri, da mai na asali mai jure zafi, a canza filta tare. Da safe kada a tayar da ita a fizga, a bar mai ya yi ɗumi ya zagaya kafin a nemi turbo ya yi aiki. Bayan doguwar tafiya ko gudu kuma, kada a kashe inji da zarar an tsaya. Idan ka kashe, famfon mai ya tsaya, amma zafin turbo yana nan. Man da ya rage a ciki sai ya dahu ya zama gawayi, gawayin ya toshe siririyar hanyar mai, wata rana farfela ta fara gugar bango. Minti ɗaya ko biyu na silo ya isa, ko kuma ka yi tafiyar ƙarshe zuwa gida a hankali.

Na biyu ƙananan tiyo. Wancan tsari na bi da bi ba da sihiri yake aiki ba. Ƙofofi ne da iska ke buɗewa da rufewa ta cikin siraran tiyo na roba masu yawa, da wasu 'yan bawul na lantarki da kwamfutar motar ke umarta. Duk suna zaune kusa da wurin da ya fi ko'ina zafi a ƙarƙashin bonet. Roba mai shekara 30 tana bushewa ta tsage. Tiyo ɗaya ya fashe, turbo na biyu ya ƙi shigowa, ƙarfin motar ya mutu a 4,000. Makanikin da bai san tsarin ba zai ce turbo ya lalace a nemo sabo, alhali gyaran na roba ne da bai kai tsawon hannu ba. Saboda haka kafin a kwance komai, a samo zanen hanyoyin tiyon, a bi su ɗaya bayan ɗaya.

Akwai wata al'ada a garejojinmu da nake roƙo kada a yi wa wannan mota, wato cire tamostat, bawul ɗin da ke daidaita zafin ruwan inji, a haɗa fanka kai tsaye, wai don ƙasarmu da zafi. Kwamfutar injin tana auna zafin ruwa ne ta yanke yawan fetur da za ta zuba. Injin da ba ya kai zafinsa na aiki zai yi ta shan mai fiye da kima, fetur ya wanke bangon silinda ya gangara cikin baƙin mai. Idan motar na zafi, a dubi lagireto, wanda samansa na roba ne kuma yana tsagewa da tsufa, a dubi famfon ruwa, a zuba ruwan sanyaya inji na gaske maimakon na rijiya. Lokacin hunturu kuma filtar iska na son dubawa akai-akai, domin ƙura a bakin farfela mai irin wannan gudu tana cin gefenta.

Fetur ma haka. An ƙera injin ne don fetur mai daraja ta sama. Fetur marar kyau a injin turbo yana kamawa da kansa kafin wutar da fulogi ya kunna ta iso gare shi, fashewar ta doki kan fistin. Injin yana da na'urorin da ke jin wannan ƙwanƙwasa su rage masa ƙarfi don kare shi, amma kariyar tana da iyaka. Man galan na 'yan bumburutu, wanda ba ka san abin da aka gauraya a ciki ba, bai kamata ya shiga tankin nan ba.

Sauran cututtukan tsufanta sanannu ne ga masu ita. Taimin bel ana canza shi a kusan kowane kilomita 100,000, ko kuma idan ya daɗe ko da ba a yi tafiyar ba. Fulin da ke gaban inji yana da roba a tsakiyarsa, kuma yakan rabe gida biyu. Robobin bawul idan sun taurare, za ka ga shuɗin hayaƙi da an tayar da safe. Kwamfutocin Toyota na wancan zamani wasu ƙananan kayan cikinsu kan yi yoyo su ci allon lantarkin kwamfutar. Mai rufin da ake cirewa yakan ɗiga da damina.

Sai maganar ƙarin ƙarfi, wadda ita ta yi wa Supra suna kuma ita ta hallaka da yawa daga cikinsu. Gaskiya ne gangar injin tana ɗaukar ninki biyu na ƙarfin da ta zo da shi idan aka yi aikin yadda ya kamata, da babban turbo, da famfon fetur, da nozul, da kwamfutar da aka saita. Amma a ƙara matsin iska kawai ba tare da ƙarin fetur ba, hanya ce ta narkar da fistin. Masu ta Japan kuma su san cewa farfelar turbo ɗinsu ta tangaran ce, tana da sauƙin nauyi da saurin amsawa, amma tana tarwatsewa idan aka matsa mata. Ta Amurka da Turai ta ƙarfe ce.

Wannan bambanci yana da wani gefe da ya shafe mu kai tsaye. Ta kasuwar Japan sitiyarinta a dama yake. Najeriya ta koma tuƙi a hannun dama na titi tun 1972, kuma dokar hanya ba ta yarda da mota mai sitiyari a dama ba. Mayar da sitiyarin Supra hagu ba ƙaramin aiki ba ne, tunda allon gabanta gaba ɗaya an lanƙwasa shi ne zuwa gefe guda. Masu sitiyarin hagu na asali kuwa ba su da yawa, kuma farashinsu ya yi sama sosai a kasuwannin Amurka da Turai. Kayan gyara ma sai an yi oda an jira, kodayake Toyota ta dawo da ƙera wasu daga cikinsu a ƙarƙashin shirin GR Heritage Parts.

Idan har ka je dubawa don saye, ka nemi a bar maka ita da sanyinta, kada a tayar kafin ka iso. Ka taɓa inji ka tabbatar. Ka tsaya a baya a tayar, ka ga launin hayaƙi. Ka duba lambar jikin motar, domin Supra da yawa ba su zo da turbo daga kamfani ba, daga baya aka ɗora musu, kuma sau da yawa birkinsu da giyarsu ba na mai turbo ba ne. Ka leƙa ƙarƙashin but da gefen gilashin baya don tsatsa. A gwajin hanya ka bari ta yi ɗumi, sannan a giya ta uku ka taka tun daga juyi 2,000 har ka wuce 4,500, ka ji ko turbo na biyu ya shigo lafiya ba tare da tangarɗa ba. Idan mai ita ya ce an yi mata gyaran ƙarin ƙarfi, ka tambaye shi wa ya saita kwamfutar, da wane fetur aka saita ta, kuma ina kayanta na asali da aka cire.